Rabin Busar da Kawu Ya Zo da Ita

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki a zamanin nan ba wani babban abu ba ne. Yaro ne zai zauna a kan babur a bakin kasuwar Kore Mairuwa, waya a hannu, ya saki waƙa, kafin mawaƙin ya gama gaisuwa ya danne ta da ɗan yatsa ya saki wata, ita ma ya yanke ta ya koma wata. Haka zai yi ta yi yana dariya, ko waiwaye babu. Ni kuwa sai in tsinci kaina ina duban bayansa, ina duban inuwar itacen da ke kusa, ko akwai wadda ta taso ta tsaya tana jiran a ƙarasa mata. Jikokina suna cewa tsufa ne. Mai yiwuwa tsufan ne. Amma mu da muka tashi a Arewa ta da, mun tarar ba a yanke kiɗa a tsakiya, kuma ni na ga dalili da idona, a cikin gidanmu.

A lokacin sauti bai yi yawa ba, kuma kowanne da mai shi da lokacinsa. Da asuba turame ne ke fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, sai kukan jakuna, sai ƙarar igiya a bakin rijiya. Da hantsi mu yara mu kora awaki daji. Idan rana ta take, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kurciya a kan gawo. Wannan shirun ba na kasala ba ne, na ladabi ne. Tsakar rana lokacin masu abu ne, su da ba a ganinsu. Ba a yin fito da baki, ba a kiran sunan yaro da ƙarfi, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, ba a zama gindin tsamiya. Yanzu kuwa ko kare ya rasa inda zai ji shiru. Injin niƙa na kuka, babura na kuka, lasifika na kuka, kowane aljihu da makaɗinsa. Wani lokaci ina tausayin masu abu, ban san inda suka koma suke shan inuwa ba.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta koya mana waɗannan dokoki. A ƙuruciyarta godiyar bori ce, wato tana cikin matan da iska ke hawa idan an goga mata takenta. Da Baba ya kama salla sosai ya roƙe ta ta bari, ta bari, amma bakinta bai bari ba. Tana kaɗi tana ce mana: "Kowace iska da takenta. In anka kira ta, sai a ƙare mata kiɗinta, a sallame ta. Baƙon da ba a sallama ba, ɗan gida na." Ta ce alamar saukar iska ita ce atishawa; idan godiya ta yi atishawa, to, baƙuwa ta tafi. Mu dai dariya muke yi, musamman Yayata, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ta girme ni sosai, ita ta goya ni, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai Auta. Bakinta ba ya hutawa. Tana daka tana ba turmi labari, tana ɗebo ruwa tana kwaikwayon tafiyar matan gari ɗaya bayan ɗaya har Inna ta jefe ta da mara. Ita ke ɓoye mini ƙanzo a cikin ƙwarya, in na dawo kiwo ta ce ba zan samu ba sai na yi mata rawar gurgun zakara.

Sai Kawu, ƙanen Inna, ya dawo daga soja. Yana cikin waɗanda ake kira mazan jiya, ya je ƙasar Nasara ya dawo da tari da ƙarancin magana da wani akwati baƙi. A cikin akwatin akwai garmaho, irin wanda ake murɗa wa hannu a ɗora masa allura, da faya-faye masu nauyi kamar marfin tukunya. Wani hafsa da ya yi wa hidima ne ya bar masa. Duk faya-fayen nan kiɗa guda ne aka rarraba, domin ya yi tsawon da faifai ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Kawu ya ce abin busar sunansa kilarinet. Mutanen gari suka ce ba za su karya harshensu ba, suka sa masa sarewar Nasara.

Ba zan manta ranar da na fara ji ba. Gogaye ne masu yawa suka fara, kamar taron ƴan amshi suna share fage, sai mai busa ya shigo shi kaɗai. Muryar abin ba ta da tsawa irin ta algaita, ba ta da kauri irin na ƙaho. Murya ce ta mutum mai kunya. Ya faɗa, gogaye su amsa. Ya hau sama kamar zai ɓace, ya sauko can ƙasa inda kake jin sa a ciki. Kiɗan kashi uku ne. Na farko mai kuzari ne, na ƙarshe na rawa ne. Na tsakiya kuwa a hankali yake tafiya, kamar mace ta ɗauko tulu cike ba ta so ya zuba. Matsalar ita ce, wannan na tsakiyar rabinsa kawai muke da shi. Faifan da ke ɗauke da sauran ya fashe a hanya, lokacin da raƙumin da ya ɗauko kayan Kawu ya durƙusa ba shiri. Saboda haka busar takan zo daidai inda mai busa ya ja wata doguwar murya kamar mai tambaya, sai allura ta kai ƙarshe ta shiga ƙarar ƙar-ƙar-ƙar. Kawu ya saba, yakan ɗage allura ya sa na rawa. Kaka kuwa duk ranar da ta ji, sai ta tofar da yawu ta ce a dai riƙa yin abin nan cikin ɗaki, da maraice.

A wata bazara, gab da faɗuwar ruwa, aka yaye rufin ɗakin Kawu za a sabunta ciyawa. Aka fito da kayansa aka jibge a gindin tsamiyar da ke bayan danga, don nan ne kawai inuwa. Ina daji da awaki. Rana ta take, ƙasa na ƙuna, na juyo gida ke nan sai na jiyo busar nan ta tsakiya tana ratso gonaki. Ban taɓa jin ta a fili ba sai ranar. Ta cika sarari, ta kwanta a kan ƙasa. Awaki suka tsaya da tafiya, suka ɗaga kai gaba ɗaya suna duban wuri guda, kuma ba wajen gida suke duba ba, wajen saman tsamiya ne. Ba iska, ko ganye ɗaya ba ya motsi a ko'ina, amma rassan tsamiyar nan suna lilo a hankali. Sai busar ta kai wurin tambayar, ta yanke.

Da na shiga gida na tarar da Yaya tsaye a gaban turmi, taɓarya a sama, kanta a karkace kamar mai sauraron a ƙarasa mata magana. Kaji sun hau turmin suna cin hatsi ba ta kore su ba. Kaka ta fito da gudu, zane a hannu, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta nufi danga tana kururuwa: "Ƙarasa mata! Kai, ɗan nan, ƙarasa mata!"

Kawu ya leƙo, allura na ta ƙara a bayansa. Ya ce, "Iya, babu saura. Ya hwashe tun bisa hanya."

Kaka ta tsaya. Ta dubi tsamiya, ta dubi Yaya, ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "To, kun yi muna baƙuwa."

Babu abin da ba a yi ba. Kawu ya sa kashi na rawa, Yaya ba ta ko ƙifta ba. Inna ce ta zare taɓaryar daga hannunta. Malam ya yi rubutu aka sha aka shafa. Baba ya ɗora ta a jaki har Dogon Dutsi wurin likita, aka duba ido da kunne da harshe aka ce lafiyarsu lau. Daga ƙarshe Baba ya kau da kai, Kaka ta aika aka kira wani tsohon mai goge daga wajen Dumega. Ya sa aka kunna masa faifan, ya saurara ido a rufe, ya mayar da gogensa cikin jaka bai ko taɓa tsirkiya ba. Ya ce, "Wagga ba tamu ta ba. Ban san takenta ba, in na yi mata ƙarya sai ta hi haka husata. Wanda yak kira, shi ka sallama."

Kada a ɗauka Yaya ta haukace. Ba ta yage zane ba, ba ta shiga daji ba. Tana daka, tana shara, tana ɗebo ruwa, tana salla in ta ga ana yi. Magana ce kawai ta ɗauke. Idanunta suna kanka amma ba kai take gani ba, kamar wanda ke tsaye a ƙofar gida yana jiran wani ya ɓullo ta bayanka. Kuma kullum rana ta take, duk abin da ke hannunta sai ta ajiye, ta fara raira busar nan da hanci, daidai, babu kuskure, har ta kai wurin tambayar. Nan za ta tsaya, ta karkata kai. Gidan duka sai ya yi shiru da ita. Na yi ta yi mata rawar gurgun zakara har na gaji na daina. Wanda zai aure ta ya yi haƙuri damina biyu, sannan ya daina biyowa ta ƙofarmu, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Kaka ta rasu, Baba ya bi ta. Kafin Kawu ya cika ya kira ni, lokacin an sa ni lakwal, makarantar boko, har na fara karanta rubutun Nasara. Ya tura mini akwatin da ƙafa, don hannunsa ba ƙarfi. Ya ce, "Kai ka san baƙinsu. Ka biɗo mata sauran." Sai dai gara ta riga ni. Ta cinye takardun da aka naɗe faya-fayen, zafi kuma ya koɗe rubutun tsakiyarsu. Na iya gano sunan kiɗan, amma sunan mai busar ya tafi. Ba a daɗe ba garmahon ya tsinke a ciki, faya-fayen suka bi juna suna tsagewa.

Na zama mushe, kamar yadda muke kiran malamin makaranta, na koyar a ƙauyuka, har Ɗan Kassari na zauna. Duk inda aka kai ni da Yaya nake tafiya, don bayan Inna ba ta da kowa sai ni, matata kuma, Allah ya ji ƙanta, ta riƙe ta kamar uwa ɗaya uba ɗaya. A nan na gane cewa kiɗan nan sananne ne a duniya, konsarto suke kiran irinsa, kuma masu busa da yawa sun yi shi. Wani direba mai zuwa Yamai ya kawo mini kaset na farko. Na shige aji bayan an tashi yara, na kunna rakoda. Da aka zo wurin tambayar, sai na ji busar ta wuce. Ashe amsa ce ke biye, mai sauƙi, ta komo kan muryar farko a hankali ƙwarai kamar mai raɗa, ta sauka ta kwanta. Na kifa kai a tebur na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba. Na ruga gida, na zaunar da Yaya, na kunna mata. Mai busa bai gama jan muryar farko ba ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta fita. A lokacin maganar mai goge ta dawo mini. Ba kiɗan kaɗai take jira ba, mutumin da ya kira take jira.

Daga nan na shiga nema. Direbobi, ɗaliban da suka tafi karatu waje, fatake masu zuwa Sakkwato da bakin teku, duk wanda zai yi nisa sai na rubuta masa sunan kiɗan a tafin hannu in ya yarda. Kaset ya wuce aka shiga faifan sidi, na bi. Kuma gaskiya ita ce, tun ina nema don Yaya har na koma ina nema don kaina. Na san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Akwai mai gaggawa, kamar an ce masa mota za ta tashi. Akwai mai yanga, wanda ke ƙawata kowace murya har ta gundure ka. Akwai wata mace da busarta ke da sanyi kamar ruwan randa, ita nake sa wa in raina ya ɓaci. Abokan aiki suna tsokanata, wai mushe ya bar goge da kalangu ya bi sarewar da ko rawa ba a yi da ita. Ina son kiɗan nan, kuma ina tsoronsa, ban taɓa raba biyun ba. Ko sau ɗaya ban taɓa kashe shi a tsakiya ba; in batir ya yi rauni ba na farawa. Kowane sabo na kai wa Yaya, kowanne ta tashi ta ba shi baya. Muka yi furfura tare.

Babban ɗana ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, yana sayar da wayoyi. Yana cikin samarin nan masu wa'azi, masu ɗage wando, kuma yaro ne na kirki. Ba ya jin kiɗa ko na talla. Ya sha zama a gabana, kai a sunkuye, yana cewa, "Baba, ka bar batun iskar ga. Shirka ta. Gwaggo ciwo gare ta, addu'a za a yi." Ya kawo malamansa suka yi mata ruƙiyya, ban hana ba, ni ma na ce amin. Yaya ta zauna ta saurare su da ladabi, rana na takewa ta raira abinta. Wata rana ya tambaye ni yadda zan gane na Kawu in na ji. Na ce yana da shuu kamar yayyafi a kan ciyawa, kuma kafin busar tsakiya ta fara, kujerar wani makaɗi tana yin ƙara sau ɗaya, sannan ka ji mai busa ya ja numfashi. Ya tashi ya koma shagonsa.

Bayan watanni ya zo a babur da rana, ya miƙo mini waya. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ni dai ban yarda ba, Baba, kuma Allah shi gahwarta mini. Tsohhin dut da anka sa cikin intanet na saurara, guda guda. Ga mai kujerar nan." Yaron da ba ya jin kiɗa ya zauna a shago yana tace busar matattu saboda gwaggonsa. Na sa a kunne. Yayyafi. Kujera. Numfashi. Na ji warin man garmahon Kawu a hancina.

Na riƙe wayar nan kwanaki ban kunna mata ba. Abin da na nema tun ina yaro ya zo hannuna, sai tsoro ya kama ni. Na tuna wata magana da Kaka ta taɓa yi tana duban Yaya: "Iska in ta sauka, ba ta biyan kwanan da tac ci." Amma alkawari kaya ne, kuma ina so in ji muryar Yayata ko sau ɗaya kafin a kai ɗayanmu.

Mun riga mun dawo gidanmu na gado tun da na ajiye aiki. Tsamiyar an sare ta tuntuni, kututturen ne kawai a bayan katanga. Rana ta take, Yaya na zaune kusa da turmi, tsohuwa tukuf, ba haƙori. Ɗana na tsaye a bakin zaure yana motsa baki. Na ajiye wayar a kan tabarma na danna. Kujera ta yi ƙara. Yaya ta ɗago kai. Ba ta tashi ba. Ta bi busar da hanci har wurin tambayar, sai busar ta wuce, ita ma ta wuce tare da ita. Ba bin ta take yi ba, tana ɗan riga mai busar, kamar mai nuna wa baƙo hanya. Na sha gaya wa kaina cewa ta jiyo sauran ta bango a shekarun da nake kunna nawa. Mai yiwuwa ne. Amma injin niƙan maƙwabta ya mutu a daidai lokacin, kuma wata inuwa mai faɗi ta rufe tsakar gidan, irin inuwar babban itace, alhali ba gajimare a sama. Busar ta sauka ta kwanta. Inuwar ta janye ta bayan katanga.

Yaya ta yi atishawa.

Ta murza ido. Ta leƙa cikin turmi, ta ce da wata murya siririya mai tsatsa, amma da saurin bakin nan da na sani, "Wayyo, kaji sun cinye hatcin! Inna za ta kashe ni." Ta juya tana neman taɓarya, sai ta ga hannuwanta. Ta daɗe tana juya su. Sannan ta dube ni, karo na farko idonta ya sauka a kaina sosai, ta gyara zama ta rusuna.

"Ina wuni, Baba tsoho. Baƙo muka yi? Ba ka ga Auta bisa hanya ba? Rana ta yi, bai komo da awaki ba."

Na buɗe baki in ce ni ne. Na dubi fuskarta, yarinya ce ke leƙowa ta cikin idanun tsohuwa, ba ta san an binne Inna ba, ba ta san komai ba. Na ji ɗana ya juya ya fita yana shessheƙa. Na ce, "Na gane shi can wajen hwadama. Yanzu shi taho."

Ta ce, "Ɗan banza, wasa ya tsaya. Na aje mishi ƙanzo."

Ta samu bakinta, har yau ba ya hutawa. Tana ba jikokina dariya, tana kwaikwayon tafiyar matan da ƙasa ta daɗe da cinyewa. Busar kuwa ko an kunna ba ta san ta ba, takan ce wane irin kuka ne wannan. An gwada gaya mata gaskiya, ta yi dariya ta ce Auta ko gemu bai yi ba. Ni ta ɗauke ni wani dattijo mai kirki da ya sauka a gidansu ya ƙi tafiya. Kullum da la'asar takan ɗauki ƙwarya da ɗan ƙanzo a ciki, ta zauna a ƙofar gida tana duban hanyar daji, inda yanzu babura ne ke ɓullowa. Ni ma sai in jawo tabarmata in zauna kusa da ita, mu jira yaron nan tare.